Wata takwas maigidana bai leƙa ƙofar gida ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga cikin birnin Zariya nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, 'ya'yanmu uku. Maigidana tela ne, in ya rufe shago da yamma yakan taɓa acaba don cikon cefane. Wata goma da suka wuce mota ta kwashe shi wajen Kwangila, ƙashin bayansa ya karye, likitoci suka ce laka ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsi, amma hannayensa da hankalinsa lafiya lau. Mun yi wata biyu a asibiti aka sallame mu da robar fitsari, tun daga nan yana ɗaki. Da farko gidan ba ya rabuwa da 'yan dubiya, yanzu sai a yi mako ba wanda ya yi sallama. Ba ya magana sai dole, in yara suka shigo sai ya juya fuska bango. An ba shi keken guragu sadaka, ya ce ba zai hau a riƙa kallonsa ba, kuma ko ya hau, dokin ƙofarmu da kwatar bakin zaure ba za su bar shi ya fita ba. Mako biyu ke nan na ga wani ɗan ciwo a mazauninsa, ina shafa masa mai. Mun sayar da filinsa, kuɗin sun ƙare wurin masu ɗori da masu magani. Yayansa da ke ciyar da mu ya ce ƙarfinsa ya ƙare, a sayar da keken ɗinkin, a samo yaro ya riƙa tura shi masallatan Juma'a da bakin kasuwa. Iyayena sun ce in dawo gida tunda da sauran ƙuruciyata. Shi ma ya ce in ina so zai sauwaƙe mini. Ina son mijina Gwaggo, amma wallahi na gaji. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah Ya dubi wahalarki Ya saka miki, shi kuma Ya sa kaffara ce, Ya ba shi sauƙi. Gajiyar da kika ce kin yi ba abin kunya ba ce, duk wadda ta yi wata goma tana ɗagawa tana kwantarwa ita kaɗai dole ta gaji. Za mu zo kanta.

Amma kafin maganar aure da maganar bara, akwai abin da kika ambata a taƙaice wanda ya fi komai tayar mini da hankali, shi ne ɗan ciwon nan na mazauninsa. Ki daina shafa masa mai, kada a barbaɗa masa garin magani ko toka, kada a gasa wurin, kada a murza. A cikin makon nan ma'aikacin lafiya ya gan shi da idonsa. In za ku iya komawa asibitin koyarwa na Shika ku koma, in da wuya ga asibitin Gambo Sawaba nan Ƙofar Gayan, in fitar ce ta gagara a samo nas a unguwa ta zo har gida. Gyambon kwanciya ne, kuma yana da mugun hali: daga ciki yake ci, abin da kike gani a sama kaɗan ne daga abin da ke ƙasa. Shi kuma mai ciwon ba ya jin zafinsa balle ya yi kuka.

Ina faɗa miki wannan ne da ciwon zuciya. Ɗan baffana direba ne, ya sami irin wannan rauni, aka dawo da shi gida aka shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, kowa yana ganin ai an yi masa gata. Kullum a rigingine yake. Ranar da wari ya sa aka juya shi aka yaye zanen, ina tsaye a wurin, rami muka tarar a ƙasan gadon bayansa wanda dunƙulen hannun yaro zai shige, gefensa ya yi baƙi. Matarsa ta ce da farko ja kawai wurin ya yi, kamar shatin tabarma. Bai kai wata uku ba bayan nan zazzaɓi ya tafi da shi. Karayar ba ta kashe shi ba, kwanciyar ce ajalinsa, kuma da akwai wanda ya gaya mana abin da zan gaya miki yanzu, da wataƙila mun yi abin da ya dace, sauran kuma na Allah ne.

A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana: gefen dama, gefen hagu, rub da ciki in likita ya yarda. Kada ya kwanta ko ya zauna a kan ciwon har sai ya warke. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda dugadugansa ba za su taɓa katifa ba. Zanen gado ya zama busasshe, a miƙe, ba tattara ba ɓurɓushin abinci. Safe da yamma a duba mazauni, ƙugu, dugadugai da idon sawu, kuma ki saya masa ɗan madubi ya riƙa duba jikinsa da kansa, don jikinsa ne, shi ya kamata ya fi kowa saninsa. Duk inda ya yi ja ko ya yi duhu bai koma daidai ba bayan rabin awa da ɗage nauyi, to ciwo ne ke sallama. Ya sha ruwa sosai, kada ya rage sha don gudun cikar jakar fitsari, rashin ruwan ne ke jawo ciwon mafitsara. In fitsarin ya yi kauri ko wari, ko zazzaɓi ya zo, asibiti. Ki tambayi likita ko zai iya komawa irin robar da mutum ke sa wa kansa ya cire sau da yawa a rana, tunda hannunsa lafiya. Wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, zogale, duk abin da ya samu mai gina jiki, fata na buƙatarsa kafin ta haɗe. In hunturu ya shigo kuma, a nisanta kaskon wuta da ƙafafunsa, a taɓa ruwan wanka da hannu kafin a zuba masa, mutane da yawa sun ƙone ba su sani ba.

Maganar ƙafa kuwa, ba zan yi miki daɗin baki ba. Mai ɗori ƙashi yake haɗawa, kuma muna da gwanaye a kan haka, amma laka ba ƙashi ba ce, ba a ɗora ta, jan baya da murɗa shi ma na iya ƙara ɓarna. Abin da zai dawo na ji da motsi yawanci a watannin farko zuwa shekara guda yake dawowa, daga nan sai a hankali, kuma ya danganta da ko lakar ta tsinke gaba ɗaya ko da sauranta. Ku tambayi likitansa kai tsaye, shi ma yana wurin, ya ji da kunnensa. Addu'a ba a daina ta, Allah Mai iko ne a kan komai. Amma duk wanda ya ce ku kawo dubu kaza zai tayar da shi cikin mako biyu, ku riƙe kuɗinku. Abin da ke da amfani shi ne sashen gashi, wato na gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a asibiti, su koya miki da shi da wani namiji a danginsa yadda ake lanƙwasa gaɓoɓi a miƙe kullum don kada su sandare, da yadda zai ƙarfafa damatsansa har ya riƙa tashi daga gado zuwa keke da kansa. Mai irin rauninsa, wanda hannayensa ke aiki, yana iya kaiwa ga yin wanka, sa kaya da hawa keke ba tare da an ɗauke shi ba. Wannan kaɗai zai sauke miki rabin kayan da ke kanki.

To, yanzu ɗakin nan. Ni a ganina, bayan ciwon, ɗakin shi ne babbar cutarsa. Mutumin da ya saba daga asuba yana masallaci, hantsi yana shago ana ciniki ana musun ƙwallo, yamma yana kan mashin daga Tudun Wada zuwa Samaru, a ce wata takwas ba abin da yake gani sai rufin ɗaki da fo, ai ko mai ƙafa aka yi wa haka sai ya juya fuska bango. Mutanen da suka ɗauke ƙafa kuma, ba duka ne marasa kirki ba. Mu dubiya muka iya: a zo, a ce sannu, a ajiye lemo da 'yan kuɗi, a tafi, ana jiran a ji an warke ko an rasu. Ciwon da ba warkewa ba mutuwa, ba mu san yadda ake zama da shi ba. Ga shi kuma yana cikin gida, abokansa maza ba za su yi ta ratsa tsakar gidan matan aure kullum ba. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, shi tasa ƙafar ta tsaya, nasu kuma ba su san inda za su same shi ba. Saboda haka a fito da shi inda za a same shi.

Ba sai an jira keke ba, tunda ma bai kamata ya zauna a kan ciwon ba yanzu. A share zaure, a shimfiɗa katifa, bayan la'asar maza biyu su ɗauko shi a kan bargo ya kwanta a gefensa ko rub da ciki da matashi a ƙirji, fuskarsa tana kallon ƙofa. Awa ɗaya ta isa a farko. Zai ƙi. Kada ke ki yi ta fama da shi a kan haka, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, babban amininsa ko malaminsa ko wanda ya koya masa ɗinki, ki aika a gaya masa gaskiyar halin da ake ciki. Abin da za a roƙi abokansa ƙarami ne: majalisar da suke yi da yamma, su dawo da ita zauren nan ko sau biyu a mako, su zo da butar shayinsu da rediyonsu da musunsu, su yi hirar duniya, kada a mai da zaman na jaje.

Abin nan da nake faɗa miki yana da suna a wurin masana, suna kiransa farfaɗo da rayuwar naƙasasshe a cikin al'ummarsa. A da, in an ce za a taimaki mai naƙasa, ana nufin a ɗauke shi a kai shi wata cibiya can gefe, mu Zazzagawa mun san yadda aka riƙa kai masu kuturta Saye. Bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ga cewa cibiyoyi ba za su taɓa isar mutane ba a ƙasashe irin namu, kuma ko sun isa, raba mutum da danginsa wani ciwon ne. Sai ta koma ga koya wa iyali da maƙwabta da ma'aikatan lafiya na kusa abin da za su yi da kayan da ke hannunsu. Kundin jagorar wannan tsari ma a Abuja aka ƙaddamar da shi a watan Oktoba na 2010, kuma bai tsaya ga magani ba, ya haɗa da ilimi, sana'a, cuɗanya da jama'a, da mutum ya sami bakin magana a kan rayuwarsa.  In kin cire sunan Turawa, ai gayya ce, wadda kakanninmu ke yi wa gonar wanda ya kwanta ciwo. Abin da ya rage shi ne wani ya kira ta, don ba ta kiran kanta.

Mai kiran ta shi ne mai unguwa da limamin masallacinku. Ki sa wani babba a danginsa ya je musu, kuma kada ya je da "a taimaka" kawai, don wannan kalma dubu biyu take haifarwa a ambulan sannan a manta. Ya je da abu ƙididdigagge. Dokin ƙofa: birkila ya fasa shi ko ya yi masa gangare ciki da waje. Ƙa'idar gangaren da mutum zai hau da kansa ita ce duk inci ɗaya na tudu a ba shi ƙafa ɗaya ta tsawo, wato tudun inci 6 yana son gangaren ƙafa 6, in an yi shi a tsaye kamar na shigar da mashin, keken zai kife da shi. Kwatar bakin zaure: silab ɗaya na kankare ko faranti mai kauri daga wurin mai walda. Ƙofar ɗaki da ta bayi su kai faɗin ƙafa uku in zai yiwu. A bayi, kafinta ya yi kujera mai huji da hannuwa, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Na san lungunan cikin birni, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, ga lambatu a tsakiya, amma daga ƙofarku zuwa masallaci ai ba nisan Shika ba ne, in matasan unguwa suka ba shi safiyar Asabar ɗaya da buhun siminti biyu ko uku za su gyara inda ya fi muni. Kuma ba shi kaɗai zai mora ba, tsofaffin unguwa da masu cikin da ke tsallake kwatar nan kullum za su sa albarka.

Keken da aka ba shi, a kai wa masu gashi su duba ko ya dace da shi. Keken sadaka sau da yawa na asibiti ne, na tura majiyyaci daga ɗaki zuwa ɗaki, mazauninsa leda ce mai lotsawa, kuma irinsa ne ke haifar da gyambo. Dole a sa masa matashin soso mai tauri da kauri, ba irin zoben nan mai rami a tsakiya ba. In ya fara zama, duk bayan minti 15 zuwa 30 ya dafa ya ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe ya ba fata numfashi. Nan gaba, don zirga-zirgar gari, keken hannu mai ƙafa uku irin wanda masu walda ke ƙerawa ya fi jure hanyoyinmu.

Akwai abin da ba ki faɗa ba amma ina zarginsa: jakar fitsarin nan tana cikin abin da ya hana shi fita, musamman masallaci. Yana ganin ba shi da tsarki, yana tsoron wari, yana tsoron ta zuba a gaban mutane. Akwai ƙaramar jaka da ake ɗaurawa a ƙafa a ƙarƙashin wando, ba mai gani. Ta fuskar addini kuma, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayanin hukuncin mai yoyon fitsari da sauƙin da shari'a ta yi masa, liman ya zo ya zauna da shi su biyu ya warware masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladani ne, kuma an sha bar masa jagorancin Madina in an fita. Amru ɗan Jamuhu da gurguntarsa ya halarci Uhudu. Ba a ɓoye su a ɗaki ba. Ranar da maigidanki ya shiga sahu, ko a ƙarshensa ne kusa da ƙofa, aka sallame aka miƙo masa hannu ta dama da hagu, za ki ga bambanci a fuskar da zai dawo miki da ita.

Ki kuma nemo masa wanda ya riga shi shiga wannan hali. Maganar mai ƙafa ba ta shigarsa yanzu, ko me kika ce, a ransa cewa yake ba ki san abin da yake ji ba. Amma in mutum ya turo kekensa da kansa har zaure, ya ce shekarata goma a haka, ga matata ga 'ya'yana ga sana'ata, ga yadda nake yi da bayan gida, wannan zai saurara. Ku tambaya a sashen gashi, sun san tsofaffin majiyyatansu. Ku tambayi reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD, ko a bi ta wurin Sarkin Guragu. In kuma ya fara ƙin abinci, ko yana yawan cewa gara ya mutu ku huta, kada ki ɗauke shi maganar ɓacin rai kawai, ki gaya wa likita, ciwon damuwa ne kuma yana da magani.

Keken ɗinki kuma kada a sayar. Ki tsaya a kan wannan da duk ladabin da kike da shi. In aka sayar, kuɗin ba za su yi wata biyu ba, kuma an sayar da hanya ɗaya da ta rage masa ta komawa mai ciyar da gidansa. Ƙafa taka keke kawai take yi, gwanintar tela tana wurin awo da yanka da ido, waɗannan kuwa ba abin da ya same su. Masu gyaran keke a Sabon Gari suna iya sa masa marfin juyawa da hannu, ko ƙaramin moto a ɗora matakinsa a kan tebur ya riƙa dannawa da gwiwar hannu in akwai wuta. A rage wa teburin tsawo ko a ƙara, daidai yadda kekensa zai shige ƙarƙashi. Ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu masu koyo, shi ya auna ya yanka, su su taka, yana duba su. Ga kuma ɗinkin hannu, wanda duk ƙasar Hausa ta san Zariya da shi, aikin babbar riga, aska takwas da 'yar Dikwa, ga ɗinkin hula, wanda ko a kishingiɗe ana yi. Tun yana jinyar ciwon nan a zaure zai iya fara riƙe allura.

Na san wani mai gyaran rediyo da waya da shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana yaro. Teburinsa a zauren gidansu yake, ƙasa-ƙasa, ya jera sukudireba a cikin gwangwanin madara, ga fitila ɗaure a goshinsa. Na kai masa waya, ina ta yi masa sannu da murya irin ta dubiya, bai ko ɗago ba ya ce, "Hajiya, cajin ne ko sikirin?" Na ji kunya ƙwarai, don na shigo ina kallon ƙafafunsa, shi kuwa aikinsa yake. Mutum huɗu na tarar suna jiran layi a kan benci. Abin da nake so wa maigidanki ke nan, a riƙa sallama a zaurenku don an kawo yadi, har a yi masa ƙorafin ya saɓa alkawarin ɗinkin Salla.

Nan ne unguwa za ta sake shigowa. 'Yan'uwansa teloli su riƙa turo masa yanka da aikin da ya yi musu yawa. Islamiyyar unguwa ta ba shi ɗinkin yunifom. Masu fitar da zakka, maimakon a raba masa mudu biyu duk shekara, a haɗa masa jari sau ɗaya, moto da zare da yadi. Ke ma in kina da sana'ar hannu ki shiga adashe, ko kaɗan ne.

Yayansa kuwa, kada ki riƙe shi a zuci. Mutumin da ya ciyar da gida biyu wata goma a wannan tsadar, in ya ce ya gaji gaskiya ya faɗa, kuma bara ce kawai hanyar da ya taɓa gani an bi da gurgu. Ba ke za ki yi musu da shi ba, kawunsu ko liman ya zaunar da shi. A gaya masa abu biyu. Na farko, mai raunin laka ba kamar mai shan inna ba ne da ke jin jikinsa yana gyara zama. In aka ajiye shi a keke daga safe zuwa la'asar a rana, cikin gumi, ba mai juya shi, gyambon nan zai buɗe ya kai ƙashi, abin da aka tara a kwano ba zai biya jinyarsa ba. Na biyu, doka. Tun 2015, bayan harin bam na sakatariyar Sabon Gari, gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da hana bara a tituna. Dokar tarayya ta hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma ta haramta a yi amfani da naƙasasshe wajen bara, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ba na raina waɗanda ke bara, yawancinsu ba a taɓa buɗe musu wata ƙofa ba. Amma mai sana'a a hannu, a tura shi ya miƙa hannun nan ga mutanen da ya yi wa ɗinki jiya, wannan zai ƙarasa karya abin da mota ta bari. A roƙi Yaya ya ƙara haƙurin wata shida, a kuma rage masa nauyin ta hanyar raba shi ga sauran dangi, kowa ya san abin da ke kansa a wata.

Dokar nan ta 2019 ta tanadi wasu haƙƙoƙi da ya kamata ku sani: kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati ga naƙasassu, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024 alhali har yau matakala ce ke tarbar mutum a yawancin ofisoshi da bankuna. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021 da hukumar da ke kula da al'amuransu. A je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma a yi masa rajista, a shiga ƙungiya, don in rabon kayan sana'a ko kekuna ya zo, ta nan yake bi. Amma kada ku jingina rayuwarku da jiran sa.

Saura ke, 'yata. Da ya ce zai sauwaƙe miki, ban ji muryar wanda ya daina son ki ba, na ji ta namijin da ke ganin ya zama kaya, yana so ya sallame ki kafin ki gudu. Iyayenki kuma tausayinki ne ya sa su magana, sun ga 'yarsu ta rame. Ba zan ce miki zama dole ba ne. Shari'a ta ba ki haƙƙi, kuma in kika auna kika ga ba za ki iya ba, ba wanda ya isa ya kira ki butulu bayan abin da kika yi. Abin da nake roƙon ki shi ne kada ki yanke hukunci da idon da bai yi barci ba. Kin ce kina son sa, kin ce kin gaji, kuma gajiyar tana da magani tun kafin a taɓa igiyar aure. Juyin dare ba naki ba ne ke kaɗai, yana da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa maza, a raba musu kwanaki su riƙa kwana kusa da shi. Ki sami yini ɗaya a mako ki je gidanku, ki ci abincin da ba ke kika dafa ba, ki yi barci. In mahaifiyarki ta ga an tsaya miki haka, ita ma maganarta za ta sauya.

Abin da ke tsakanin miji da mata, wanda na san kunya ta hana ki rubutawa, shi ma ana tambayar likita, ku biyu, a keɓe. Raunin laka yana canza abubuwa, amma ba ya rufe wannan babi ga kowa, akwai magunguna da dabaru, akwai kuma masu irin rauninsa da suka haihu bayan haɗarin.

A cikin gida, ki mayar masa da girmansa da gangan. Kuɗin cefane, ko daga wa suka fito, a ba shi a hannu, shi ya miƙo miki. In yaro zai fita ya shiga ya nemi izininsa. Babban ya kawo masa allonsa ya biya a gabansa, ko ya juya baya a ci gaba da kawowa. In rigar makarantar ƙaramin ta yage, kada ki kai wa kowa, ki ajiye masa ita da allura da zare kusa da matashinsa ki fita.

Ki sake rubuto mini bayan an ga ciwon nan, ki gaya mini abin da ma'aikacin lafiya ya ce da zurfinsa, da kuma ko an sami waɗanda suka karɓi kwanakin juyin dare. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ƙarfafe ki.